Daga Rawani zuwa Minda: Wa Ke Shaidar Malami?

Wanda ya san Dutse ya san Limawa, kuma sunan kaɗai ya isa ya tsayar da mai tunani. Limawa na nufin mutanen liman, gidansa da zuriyarsa da waɗanda suka zauna a inuwarsa, kamar yadda Alƙalawa ke nuna inda alƙalai suka yi kaka-gida. Irin wannan suna ya cika garuruwanmu. A Kano akwai Madabo da Sharifai, a Zariya akwai Unguwar Juma da Kona, kuma duk wanda ya ji su ya san an ambaci wuraren karatu. Ma'ana, mutanen da can suna rubuta girman ilmi a jikin ƙasa, su sa wa unguwa sunan aikin malaminta, sunan ya yi ta tafiya bayan malamin ya daɗe a kabari. Yau Dutse ta zama wani gari dabam. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 ta zama babban birni, a 2011 ta sami jami'ar tarayya, ga kuma jami'ar jiha a Kafin Hausa. Tare da waɗannan sai wata sabuwar hanyar girmama masani ta zauna daram: a taru a babban zaure, a kira suna a lasifika, a miƙa allon katako ko a rataya minda, a ɗauki hoto, a watse. Abin da nake son in bi diddiginsa shi ne yadda muka taso daga waccan hanya zuwa wannan, domin ina ganin abin da ya fi sauyawa a tsakani shi ne hannun da ke bayarwa. Girma yakan yi nauyi ne gwargwadon sanin da mai bayar da shi ya yi wa abin da yake yabo.

A tsangaya babu mai hawa mataki da bakinsa. Yaro yana farawa ƙolo, ya zama titibiri, ya zama gardi, kuma ranar da ya yi sauka akan ƙawata masa allo da zayyana, ya karanta a gaban jama'a, a yi walima, a naɗa masa rawani. Wannan shi ne bikin karramawa na farko da yawancin Hausawa suka sani, kuma wanda ke naɗa rawanin shi ne wanda ya sha wahalar gyaran bakin yaron shekara da shekaru. Daga nan hanya ta ƙara tsanani. Kafin a ce da mutum alaramma sai ya haddace, kuma ana sa ran ya rubuta Alƙur'ani da ka. Kafin a kira shi gwani sai gwanaye sun zauna da shi sun ji yadda ya san wuraren da ayoyi suka yi kama da juna, da yawan zuwan kalma kaza da inda ta zo. Yankin Haɗeja da gabashin ƙasar Kano ta da, inda Dutse take, sun yi suna a wannan fage tun da daɗewa saboda maƙwabtakarsu da Barno. A makarantun ilmi kuwa, inda ake karanta fiƙihu da nahawu da lugga da tafsiri, shaidar ita ce ijaza, wato malami ya ce na karantar da wane littafi kaza, na yarje masa ya karantar, ni kuma na karɓo daga wane, shi daga wane, har salsalar ta kai ga mawallafi. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya ware littafi guda, Ida'un Nusukhi, don kawai ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya ɗauka daga kowanne. Babban masani irinsa ya ga cewa bayyana kansa ga duniya yana nufin jero sunayen waɗanda suka yi shi.

Abubuwa uku ke ƙunshe cikin wannan tsari, kuma su ne ma'aunin da zan riƙe har ƙarshen maganar. Mai ba da shaida ya fi wanda ake ba wa sanin fannin. Shaidar tana ambaton magabata, ba ta tsayar da mutum shi kaɗai kamar daga sama ya faɗo. Sannan tana ɗora kaya, domin wanda aka ba ijaza an ce masa ne ya je ya shimfiɗa buzu ya karantar. Babu inda wannan ya fito fili kamar a aikin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Matan da ta horar don su shiga ƙauyuka su koyar da 'yan'uwansu mata, waɗanda ake kira jaji a ƙungiyar 'Yan Taru, takan ɗora musu malafa ta naɗa musu jan ƙyalle a kai. Malafar ado ce kuma alamar girma ce, amma da ita ake kama hanya, a ratsa daji a kai karatu inda babu shi.

Fada ma tana da tata hanyar. Sarki yakan ba malami alkyabba da doki, ya naɗa shi alƙali ko limami ko wali. Sarakunan Barno sukan rubuta wa gidajen malamai takardar da ake kira mahram, wadda ke ɗauke musu haraji da fita yaƙi, su da zuriyarsu. Sunan Ɗan Masani, malamin Katsina na ƙarni na 17, ya rikiɗe ya zama sarauta, wadda a Kano marigayi Yusuf Maitama Sule ya riƙe. Sai dai jama'a ba su taɓa rikita kyautar fada da shaidar malamai ba. Suna da kalmar "malamin fada", kuma ba yabo ba ce.

Minda kuwa baƙuwa ce daga Turai. A Italiya, wajen 1438, wani mai zane da ake kira Pisanello ya fara zuba ƙarfe mai ɗauke da fuskar mutum don tunawa da shi, kuma cikin waɗanda ya yi wa har da Vittorino da Feltre, malamin makaranta mai koyar da Latin da Girkanci. Daga baya ƙungiyoyin masana suka karɓi abin suka mai da shi kyautar da ake bayarwa lokaci-lokaci bisa sharuɗɗa. Ƙungiyar masana kimiyya ta Landan ta fara ba da lambar Copley a 1731. Masu nazarin harshe da tarihi da addini sun biyo baya: cibiyar masanan waɗannan fannoni ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1902, tana da lambar Burkitt ta nazarin Baibul da lambar Kenyon ta nazarin Girka da Rum ta da. Yawancinsu wani ne ya bar dukiya ya yi wasiyya a riƙa bayarwa, abin da ya yi kama da waƙafi a wurinmu. Dole a yarda cewa wannan tsari ya zo da alheri guda da namu bai da shi sosai, wato masana da ba su taɓa ganin mutum ba su karanta aikinsa su yi hukunci, ko da daga wata ƙasa ya fito, a kuma rubuta shekarar da dalilin a ajiye.

Ta wannan ƙofa harshen Hausa ya fara cin lambar zinare, kuma labarin ya cancanci a tsaya a kansa. A 1877 cibiyar masana ta Faransa ta ba James Frederick Schön kyautar Volney, wadda ake bayarwa don nazarin harsuna, saboda aikinsa a kan Hausa. Schön Bajamushe ne, ɗan mishan, wanda ya shiga tafiyar binciken kogin Kwara ta 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther. Ya fitar da nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876, kuma a 1884 Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa. Bai taɓa sa ƙafa a Kano ko Katsina ba. Mafi yawan Hausar da ta cika littattafansa na baya daga bakin wani yaro ta fito, Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram, wanda aka kama bawa yana ƙarami, aka 'yanta shi a Kukawa, ya bi matafiyi Heinrich Barth har Tambutu, sannan ya isa Ingila tare da shi a 1855. A gidan Schön Dorugu ya zauna yana ba da labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi da bayanin al'adu, ana rubutawa, kuma wannan ne ya zama ƙashin bayan littafin Magana Hausa na 1885. Barth ma ya karɓi lambar zinare daga ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Landan a 1856. Dorugu ya komo gida, ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912.

Da sauƙi mutum ya ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, ya wuce. Amma adalci ya fi haka wuya. Schön ya yi aiki na gaske, shekaru sama da talatin yana fama da harshen da ba nasa ba, kuma bai ɓoye sunan Dorugu ba, shi ya sa ma muka san shi. Laifin yana ga siffar kyautar kanta. Minda fuska ɗaya gare ta da suna ɗaya, ba ta da gurbin da za a rubuta "na karɓo daga wane". Da ijaza aka rubuta wa Schön a ƙa'idar malaman Kano, da sunan Dorugu ne zai zo a sama a matsayin wanda aka ɗauko daga bakinsa, duk da ƙuruciyarsa da tarihin bautarsa, domin a ilmin ruwaya wanda ka ji daga gare shi shi ne shehinka a wannan abin. Haka lamarin ya ci gaba a zamanin Turawa. Babban ƙamus na 1934 sunan Bargery yake ɗauke da shi, alhali malamai irin su Alhaji Mahmudu Ƙoƙi na Kano sun yi shekaru suna yawon tattara kalmomi da tace ma'anoninsu tare da shi. Tatsuniyoyi da labaran da Frank Edgar ya buga daga 1911 zuwa 1913 malamai ne suka rubuta su da ajami. Rattray ya fi kyautatawa, da ya sa sunan Malam Shaihu a littafinsa na 1913, amma wannan halin mutum ɗaya ne, tsarin bai tilasta masa ba.

Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, ita ce karo na farko da Hausawa masu alƙalami suka aika da aikinsu ga alƙalin da ba malaminsu ba, suna jiran sakamako. Bayan samun mulkin kai sai gwamnati ta ɗauki ragamar. Dokar lambobin girma ta ƙasa ta fito a 1964, ta kawo su OON da MFR, waɗanda ake ba ɗan siyasa da ɗan kasuwa da soja da malami duk a jeri ɗaya. A 1979 aka kafa wata lamba ta musamman don aikin ilmi zalla, wadda kwamitin masana ke tantancewa, kuma Chinua Achebe na cikin waɗanda suka fara karɓa. A wannan shekarar ce kuma aka fara ba da kyautar Sarki Faisal a Saudiyya, mai haɗe da lambar zinare da takardar shaida da kuɗi, wadda Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, mai fassara Alƙur'ani zuwa Hausa, ya samu a 1987 a fannin hidima ga Musulunci. Jami'o'inmu ma sun yi abin a yaba a wancan lokaci. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Wazirin Sakkwato Junaidu digirin girmamawa a farkon shekarun 1970, mutumin da duk karatunsa a zaure ya yi shi, kuma ya yi amfani da damar ya gaya wa jami'ar cewa saiwarta tana wata ƙasa, ta yi nisa da al'ummar da take zaune a cikinta. A 1988 ta ba Mamman Shata. A irin waɗannan ranaku jami'a ce ta fi ƙaruwa, domin ta nuna tana iya gane ilmi ko da bai zo cikin rigar da ta saba gani ba.

Abin da ya biyo baya kowa ya gan shi da idonsa. Lambobin yabo sun yi yawa har sun zama kamar katin gayyata. Ƙungiyar ɗalibai, ƙungiyar unguwa, mujallar da ba ta fi fitowa biyu ba, kowa yana da allon da zai miƙa, kuma sau da yawa wanda ake miƙa wa shi ne wanda ake sa ran zai ɗauki nauyin taron. Digirin girmamawa ya bi sahu, har shugabannin jami'o'in Nijeriya suka taru a Keffi a 2012 suka amince a daina ba masu riƙe da muƙaman siyasa. Ba a yin irin wannan yarjejeniya sai ɓarna ta kai inda ta kai. Achebe ya ƙi karɓar lambar girma ta ƙasa sau biyu, a 2004 da 2011, saboda halin da ya ga ƙasar take ciki, kuma ƙin nasa ya fi karɓar mutane da dama tasiri a zukata. Idan aka auna da ma'aunin nan uku, za a ga an rasa duka: mai bayarwa bai karanta aikin ba, ba a ambaci malaman wanda aka karrama ba, kuma ba a ɗora masa komai ba sai murmushi a gaban mai hoto. Masu nazarin harshe da tarihi da adabi su suka fi cutuwa, domin likita ko injiniya aikinsa yana iya yi masa shaida a idon kowa, amma wanda ya ƙare shekara ashirin yana gyara rubutun wani tsohon littafi ko yana bin salsalar sarakunan wani gari ba mai gane ƙimarsa sai ɗan'uwansa masani.

Za a ce ina yi wa zamanin da ado da ƙarya, kuma akwai gaskiya a zargin. Limanci da alƙalanci sun zama gado a wurare da yawa, ɗa ya hau buzun uba ko karatunsa bai kai ba, kuma sunan unguwa kamar Limawa yana iya zama shinge ga ɗan talakan da ya fi 'ya'yan gida hazaƙa. An sami ijazar da aka bayar don neman albarka kawai, ba tare da an karanta littafin ba. Mata masu ilmi da yawa sun rasu ba a rubuta sunansu ko'ina ba. Shehu Usmanu da kansa ya yi kakkausan suka ga miyagun malamai masu sayar da fatawa don abin duniya, tun kafin Bature ya zo. Masanin tarihin baka, da maroƙin da ya haddace salsalar sarakuna, da tsohuwa mai tatsuniya, ba su da wani mataki da ake hawa a ba su shaida. Duk na yarda. Amma a lura, waɗannan aibobi duk saɓa wa ƙa'idar ne, kuma da ƙa'idar ake kama mai saɓawa: idan aka ce wane ba gwani ba ne, ana iya zaunar da shi a ja masa baƙi a gani. Allon yabo na yau ba shi da ƙa'idar da za a ce an saɓa, don haka ba a iya ƙaryata shi, kuma abin da ba a iya ƙaryatawa ba ya tabbatar da komai.

Akwai kuma masu cewa malamin kirki ba ya bukatar lamba, ladansa yana wurin Allah, neman yabo kuwa ƙofar riya ce. Ta fuskar zuciyar malamin wannan daidai ne, kuma mun san manyan da suka guje wa fada har suka koma ga Mahaliccinsu. Sai dai shaida ba don malamin kaɗai ake yin ta ba. Ɗalibin da ya taso daga Kiyawa ko Birnin Kudu yana neman wanda zai karantar da shi yana bukatar alamar da za ta nuna masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Uban da ɗansa ya ce zai karanta Hausa ko tarihi a jami'a, alhali 'yan'uwa na cewa ya nemi abin da zai ci abinci da shi, yana kallon yadda al'umma ke ɗaukar masu wannan karatu kafin ya amince. Babbar kyautar adabi ta ƙasar nan, wadda kamfanin iskar gas na NLNG ke bayarwa tun 2004, kuɗinta dala 100,000 ne, kuma littattafan da suka ci ta da Turanci aka rubuta su. Yaro mai basira yana ganin wannan, yana kuma fahimtar abin da ake gaya masa game da harshen uwarsa.

Hanyar haɗa tsohon da sabon ba mafarki ba ce, domin an riga an gwada ta a fage ɗaya. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara a 1986, tana da kwamiti da maki da kyaututtuka irin na zamani, amma alƙalanta mahaddata ne, ana yin ta a bainar jama'a, kuma kowa yana tambayar makarantar da ta fitar da wanda ya ci. Shi ya sa har yau ake girmama sakamakonta. Littattafan karramawa da sassan Hausa na jami'o'i ke haɗawa don manyan malamansu, inda ɗalibai da abokan aiki ke rubuta maƙalu, su ma suna da ƙamshin ijaza, sai dai daga ƙasa take hawa sama.

Jigawa tana da abin da ake bukata don ta yi irin wannan ga tarihi da harshe da adabi: jami'o'i, masarautu biyar, gwanaye, da gidajen malamai masu ajiyar takardu. Lamba ɗaya ta isa, a riƙa ba da ita shekara biyu-biyu ko uku-uku, kuɗinta ya fito daga waƙafi don kada ta dogara da wanda ke kan mulki. Alƙalanta su kasance masu karanta aikin da kansu, a haɗa farfesan jami'a da malamin zaure mai karanta ajami da Larabci, kuma su rubuta dalilinsu da Hausa a buga. A yarda shekara ta wuce ba a ba kowa ba idan babu aikin da ya kai. Wanda ya samu a ɗora masa zama na wasu makonni yana karantarwa a fili, a jami'a da kuma cikin gari. Takardar da za ta raka mindar kuwa a bar mata fili mai faɗi a ƙasa, ta yadda idan wani ya rubuta tarihin Dutse daga unguwar Garu zuwa Limawa, za a jero a ciki sunan malaman da suka koyar da shi, da gidajen da suka buɗe masa adakar takardunsu, da dattawa maza da mata da ya zauna a gabansu yana rubuta abin da suke faɗa.